Ranar da Na Kai Hajiya Kallon Malam-buɗe-littafi

"Kuɗi za ka biya?" in ji Hajiya. "Kuɗi na gaske, don mu shiga kallon ƙwari?"

A bakin tagar sayar da tikiti muke, ni da ita da yara biyu, na riga na zaro ringit ina miƙa wa yarinyar da ke ciki. Hajiya ta ce sai na lissafa mata da naira. Na lissafa, na ɗan rage wani abu don a zauna lafiya. Duk da haka sai da ta tafa hannu ta yi salati, ta ce in da ranka ka sha kallo, ita dai a garinsu kyauta ƙwaro ke zuwa har cikin ɗaki, kore shi ma ake yi.

Shekarata ta uku ke nan a Malesiya, ina karatu a Serdang, kudu da Kuala Lumpur. Maiɗakina ta haihu, Hajiya ta zo jego. Sati biyar ta yi a hawa na tara ba ta taka ƙasa ba sai sau biyu, kullum tana tsakanin tukunyar kunun kanwa da ruwan zafi da faɗa da jikoki. Ga yara an ba su hutun makaranta, gida ya zama kasuwa. Ranar wata Asabar mai jego ta dube ni da jajayen idanu ta ce, don Allah in kwashe su mu tafi ko ina ne, ta samu ta runtsa. Da ta ce "su", na gane har da Hajiya a ciki, ko da yake ba za ta taɓa furtawa ba.

Muka hau jirgin ƙasa na Komuter daga Serdang muka sauka a tsohuwar tashar Kuala Lumpur, wadda aka gina a 1910, fara fat mai ƙananan hasumiyoyi. Hajiya ta ɗauka masallaci ne, har ta fara gyara mayafi. Daga nan zuwa inda za mu ba nisa, amma hawa ne, kuma gwiwar Hajiya ba ta shiri da tudu, sai muka ɗauki tasi. Wurin yana gefen babban lambun nan da Turawa suka kafa a 1888, wanda yanzu ake kira Perdana, unguwa ɗaya da gidan tsuntsaye da gidan tarihin fasahar Musulunci da Masallacin Ƙasa.

A saman ƙofa an rubuta Taman Rama Rama. Abba, ɗan shekara biyar, shi ya karanta mana da ƙarfi, yana taƙama.

"Rama?" in ji Hajiya. "Ta kwaɗo? To ai da ka ce mini rama za mu gani da na taho da ƙuli-ƙuli."

Na ce mata da harshen mutanen nan, rama-rama shi ne malam-buɗe-littafi. Sai Abba ya ja mini riga ya ce, "Baba, wane malam?" Na ce sunansa ke nan da Hausa. Ya dube ni kamar ina zolayarsa. Yaron ya san sunan abin da Malayanci, ya san shi da Turanci, amma bai taɓa jin na harshen uwarsa ba. Hajiya ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi mini, irin wanda ta saba yi mini tun ina ƙarami idan na dawo da canjin da bai cika ba. Sunan mahaifinmu marigayi aka sa wa Abba, don haka ba ta kama sunansa, maigida take ce masa. Ummi kuwa, 'yar shekara takwas, takwararta ce, kuma kishiyarta idan faɗa ya tashi. Ni da nake ɗan fari, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "kai" nake.

Na zaci gini za mu shiga. Ashe fili ne aka lulluɓe da raga daga sama har ƙasa, kamar an kafa wa ƙaramin daji gidan sauro. Masu wurin sun ce faɗinsa ya kai murabba'in ƙafa 80,000, kuma akwai malam-buɗe-littafi sama da 5,000 a ciki. Ban ƙirga ba. Abin da ya fara tarbar mu zafi ne, irin mai laima wanda ke manna wa mutum riga a baya. 'Yan hanyoyi siri-siri suna hawa suna gangarawa tsakanin ganyaye, ga ƙananan gadoji, ga kududdufai cike da manyan kifaye masu ja da fari, ga ruwa na zubowa daga kan duwatsu.

Minti goman farko asara muka yi. Yara suka zuba da gudu, wannan ya bi baƙi, waccan ta bi fari, duk wanda suka nufa sai ya tashi ya haye can ƙarƙashin raga. Ummi ta dawo tana kumbure-kumbure, wai ba sa son ta. Ni ma da wayata a hannu ba abin da na ɗauka sai ganye da sararin sama.

Hajiya kuwa tun a matakala ta biyu ta ce ta gama nata yawon. Ta samu benci a inuwa ta zauna, ta ciro carbi. Mayafinta ruwan goro ne mai haske. Ko minti biyar ba a yi ba, sai ga wani fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, babba kamar tafin hannuna, yana saukowa a hankali kamar takardar da iska ta ɗauko, ya zauna mata a kafaɗa. Ta ci gaba da jan carbinta, ko a jikinta. Wani ya zo ya sauka a bayan hannunta, inda gumi ya taru.

"Kishiya," ta ce da Ummi ƙasa-ƙasa, "zo ki ga inda ake son mutum."

Daga nan muka gane dabarar wurin, wato a daina bi, a tsaya. Na zaunar da su biyun a gefenta, na ce duk wanda ya motsa ba shi da askirim. Muka sa ido a kan wanda ke hannun Hajiya. Bakinsa wani siririn abu ne baƙi a naɗe kamar gammo. Muna kallo ya warware shi, ya miƙe kamar zare, ya dinga taɓa fatarta da shi nan da can. Gishirin gumi yake sha. Da ya gama ya sake naɗe abinsa tsaf, ya buɗe fukafukai, ya rufe, ya buɗe, ya rufe.

"Ka gani, maigida?" in ji Hajiya. "Ga malam yana buɗe littafi."

Abba ya leƙa sosai har hancinsa ya kusa taɓawa. "Me yake karantawa?"

"Kai da kake makaranta ai kai za ka gaya mana."

Muna yara mu ma haka muke bin su a bakin rafi da damina, muna cewa malam buɗe mana littafi, idan ya buɗe mu yi shewa kamar mu muka sa shi. Shekara talatin ban tuna da wannan ba sai a kan bencin nan.

A gefen hanya an ajiye faranta da aka jera wa jajayen furanni, nan suke taruwa suna tsotsa. Furen shi ne wanda 'yan Malesiya ke kira bunga raya, furen ƙasarsu, yana jikin kuɗinsu ma. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce wannan ai kamar furen zoɓo ne da ya ci ya ƙoshi. Kuma ba ta yi kuskure ba, dangi ɗaya ne da zoɓo, dangi ɗaya ne da ramar da take wa ba'a a bakin ƙofa. Da na gaya mata sai ta ce, "To ka ji, ashe dai ramar tana nan." A kan farantin ne kuma na nuna wa Ummi yadda suke ɗan bubbuga ƙafa idan sun sauka, domin da ƙafa suke ɗanɗano. Uwar ma da ƙafa take tantance ganyen da za ta saka wa ƙwai, don kowane iri da ganyen da tsutsarsa ke ci, in aka ba ta wani sai ta mutu da yunwa a kansa. Ummi ta ce da ita ce mai ɗanɗano da ƙafa ba za ta ƙara shiga banɗaki ba takalmi ba.

Wanda kowa ke zuwa nema a wurin shi ne na ƙasa, don Malesiya har malam-buɗe-littafin ƙasa gare ta. Mun same shi a ƙasa kuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa, su uku a jere. Baƙi ne wuluk kamar karan-miski, fukafukansa dogaye masu tsini irin na tsuntsu, in ya buɗe su sun kai santimita 15 ko fiye. A kowane fiffike an jera wasu kore masu walƙiya, masu siffar haƙoran zarto, wuyansa kuma ja. Ban taɓa ganin kore irin wannan a jikin abu mai rai ba. Mazan ne ke sauka haka a kan danshi suna zuƙar gishirin ƙasa, matan sun fi zama can sama. Wani Bature masanin halittu, Alfred Russel Wallace, shi ya sa masa suna a 1855, ya kira shi da sunan James Brooke, Baturen Ingila da Sarkin Brunei ya ba mulkin Sarawak a 1841, danginsa suka riƙe ƙasar har 1946. Har yau da sunan Raja Brooke ake kiransa. Na fassara wa Hajiya wannan tarihi, ta ce, "Su dai ba su bar komai ba. Har ƙwaron mutane sai da suka yi wa zanen suna."

Amma ba wannan ne ya tayar da ita daga benci ba. Wani ne ɗan madaidaici, ruwan lemo, bakin fukafukansa baƙi da ɗigon fari, yana tafiya sannu-sannu a ƙasa-ƙasa kamar ba ya tsoron kowa. Ta miƙe ta bi shi da ido, ta ce, "Kai, wannan ai namu ne. Wannan ne ke yawo a kan tumfafiya bayan gidanmu."

Na ce mata, Hajiya, kama ce dai, ina nan ina can. Ta ce ita ba ta san kama ba, shi ne. Sai na duba a waya don in rufe mata baki, aka rufe nawa. Iri ɗaya ne, yana nan daga Afirka har Asiya. Tsutsarsa ganyen tumfafiya da danginta take ci, ta tara dafin farin ruwan nan a jikinta, dafin ya bi ta har ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya yi amai ba ya sake kusantar mai wannan launi. Shi ya sa yake tafiyarsa a natse, ya san ba mai taɓa shi. Tumfafiyar da ko akuya ba ta cika kulawa da ita ba, wadda muke fasa 'ya'yanta muna hura audugar, ashe gidan haihuwar wani ce. Ni da digiri biyu da rabi sai da na zo wata ƙasa na biya kuɗi aka nuna mini, ita kuwa tana sane, ba ta dai ɗauke shi abin faɗa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya yana gaba. A wani lungu akwai 'yan itatuwan lemon tsami a tukwane, ganyensu duk an cinye gefe-gefe. Ummi ta ce, "Baba, tsuntsu ya yi kashi a nan." Muka duba, sai kashin ya motsa. Tsutsa ce ƙarama, baƙa da fari, ta yi kama da kashin tsuntsu sak don kada a cinye ta. A reshen sama ga yayarta, ta girma ta koma kore shar, mai kauri kamar ɗan yatsana, da wasu zane a kai kamar idanu. Na ɗan taɓa ta da tsinke, sai ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta kamar harshen maciji, wani wari ya tashi. Warin nan na san shi. A gidanmu akwai lemon tsami guda ɗaya a bayan ɗakin girki, aikina ne duk damina in bi ganye ɗaya-ɗaya in tsince irin waɗannan tsutsotsi in murƙushe da dutse. Da yamma kuma in fita bin manyan malam-buɗe-littafi masu baƙi da rawaya da ke zagaya itacen, ina sha'awarsu. Ban taɓa haɗa biyun ba. An koya mana a firamare cewa ƙwai ne ke zama tsutsa, tsutsa ta shiga kwanso, daga kwanso a fito da fukafukai, na haddace na ci jarrabawa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa zancen itacen bayan ɗakinmu ake yi ba.

"Ke kika sa ni kashe su," na ce da Hajiya.

"Da na bar su, da me za ka sha kunu da azumi?"

Muna cikin wannan sai muka ji ihun Abba. Ya samu wani ya sauka a kan ganye daidai tsayinsa, ya kama shi da yatsu biyu ta fukafukai, ya taho da gudu zai nuna wa Hajiya. Na daka masa tsawa, ya saki. Abin ya faɗi ƙasa, ya yi ta faɗi-tashi, da ƙyar ya kama wani reshe. A yatsun Abba ga wani gari mai ƙyalli kamar kwalli. Na ce masa wannan garin shi ne launin, ƙananan ɓawo ne a jere a kan fiffike kamar na kifi, kuma wanda ya goge ba ya sake tsirowa. Wurin da ya kama ya zama fili, ana ganin haske ta ciki. Yaro ya dubi yatsunsa, ya dubi reshen, ya fashe da kuka, yana ƙoƙarin miƙa hannu wai zai mayar masa da abinsa. Na so in ƙara masa faɗa, sai Hajiya ta janye shi ta ce, "Wanda ya kashe ɗari da dutse ne zai yi wa maigidana faɗa a kan ɗaya?" Ta goge masa hannu da bakin mayafi. Ban ƙara magana ba.

Hanyar fita ta cikin wani ɗaki take bi, inda aka jera ƙwari a akwatunan gilashi, wasu da rai wasu busassu. Akwai wanda sai ka rantse tsinke ne, akwai wanda ganye ne har da jijiyoyinsa, ga manyan buzuzu masu ƙaho, ga kunamu baƙaƙe da suka fi namu girma nesa ba kusa ba. Yara suka manne a nan fiye da yadda suka manne a lambun, abin da ya ɗan ba ni haushi. A bango an kafe wani ƙato ruwan ƙasa-ƙasa, daga cikin 'yan uwan malam-buɗe-littafi masu tashi da dare, faɗinsa ya fi santimita 20, ƙarshen kowane fiffike kamar kan maciji. Atlas ake ce masa. Idan ya fito daga kwanso ba shi da bakin ci, da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, sati ɗaya ko biyu, ya yi aure ya mutu. Hajiya ta ce Allah mai iko, ango ba walima.

Kwansonsa da aka ajiye a gefe shi ya tsayar da ita. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce irin wannan zaren ne na tsamiya. Ta ce suna yara mafarauta da masu zuwa daji kan kawo gidan tsutsa a kasuwa, babba kamar ƙullin kaya, tsutsotsi da yawa ne suke haɗuwa su saƙa shi. Kakarta takan dafa shi da ruwan toka har ya saki, ta wanke, ta shanya, ta kaɗa shi da mazari kamar auduga. Da wannan zaren ake yi wa babbar riga aiki, shi ne ake ce wa rigar tsamiya. Mahaifinmu yana da guda ɗaya wadda ba ya sa wa sai da salla, yanzu tana cikin akwatina a gida. Na sha sa ta, ban taɓa tambayar daga ina zaren ya fito ba. Ummi ta ce, "Wato rigar Baba tsutsa ce ta yi?" Hajiya ta ce, "Tsutsa ta fara, mata suka ƙarasa, maza suka sa suka yi taƙama."

Muna fitowa hadari ya haɗu, kamar yadda ya saba a garin da rana ta karkata. Kafin mu isa Masallacin Ƙasa ruwa ya tsuge. Masallacin na 1965 ne, rufinsa kamar buɗaɗɗiyar laima mai lanƙwasa-lanƙwasa, hasumiyarsa siririya mai tsayin mita 73. Muka yi azahar, muka zauna a baranda a kan sanyin tayil muna jiran ruwa ya tsagaita. Na sayo musu askirim ɗin da na yi alkawari, har da wanda ya motsa. Hajiya ta ce kada in kuskura in gaya wa mutanen gida cewa ta shiga jirgi ta je kallon ƙwari. Da daddare kuwa na ji ta a waya da ƙanwarta, ta fi rabin awa tana ba ta labarin baƙin nan mai kore, har da cewa su bakwai suka sauka mata a ka. Biyu ne, kuma ba a ka ba.

Bayan kwana uku Ummi ta gano irin koriyar tsutsar nan a kan lemon tsamin da maƙwabciyarmu ta dasa a tukunya a bakin ƙofarta. Matar ta yi murna da aka raba ta da ita. Muka sa ta a kwalbar da Hajiya ta zo da yaji a ciki, muka rufe bakin da tsohon gidan sauro, kullum a sa mata sabon ganye. Ta ci, ta yi kashi, ta ci. Rannan ta daina ci, ta hau tsinken da muka jingina, ta ɗaure ƙugunta da zare ɗaya, washegari ta zama wani abu kamar busasshen ganye. Yara suka raba kwana, kowa da lokacin gadinsa, Abba har bacci ya yi a gaban kwalbar.

A kwana na goma na dawo daga sallar asuba na koma na kwanta. Da muka tashi kwalba a buɗe, kwanso a tsage ba kowa ciki, taga a wangale. Hajiya na zaune a kan darduma tana shan shayi. Ta ce tana lazimi ta ga abin ya tsage, ya fito a jiƙe a yamutse kamar tsumma, ya rataye a tsinke ya fi awa guda yana miƙe fukafukai har suka bushe, baƙi da rawaya, irin na bayan ɗakin girkinmu.

"Hajiya, me ya sa ba ki tashe mu ba?" in ji Ummi, hawaye na zuba.

"Na so in tashe ku," in ji ta. "Sai na ga in na tashi zan rasa wani wurin."

Kwana biyu Ummi ba ta gaishe ta ba.